Gaggafa Ƴar Cin Rani Ta Kama Hanyar Gida

 

Duk wanda ya tashi a karkara ya san al'adar cin rani. Idan kaka ta wuce, aka kai amfanin gona rumbu, sai magidanta da samari su ɗaure ƙunshinsu su nufi birane, su yi ƴan watanni suna neman abin sawa a bakin salati. Da zarar bazara ta kankama, aka fara hango gizagizai ta gabas, sai hankalin kowa ya koma gida, domin sharar gona ba ta jiran mai jinkiri. To, zancenmu na yau a kan wata ƴar cin rani ne wadda ba ta shiga mota, ba ta tsayawa a shingen jandarma ko na duwan, ba ta kuma riƙe da takardar ƙetare iyaka, amma duk shekara sai ta zo ƙasarmu ta yi rani, sa'annan ta koma gida a kan lokaci. Ina nufin gaggafa mai cin maciji, wadda Faransawa suke kira circaète Jean-le-Blanc. Shekaru aru-aru tana zuwa tana komawa ba wanda ya san hanyarta, sai a zamanin nan da masana suka ɗaura mata ƴar na'ura mai magana da tauraron ɗan Adam.

Wace ce baƙuwar tamu?

Mai yiwuwa ne, ya kai mai karatu, ka taɓa ganinta ba ka kula ba. Babban tsuntsu ce, in ta buɗe fukafukanta sukan kai mita 1.7 zuwa 1.9 daga wannan baki zuwa wancan. Cikinta fari ne da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, kanta babba ne kewayayye kamar na mujiya, idanunta rawaya. Takan tsaya cak a cikin iska, fuskarta na kallon ƙasa, sa'annan ta faɗo kan maciji ko ƙadangare, ta murƙushe kansa, ta haɗiye shi ta wajen kai. Dafin maciji yana iya yi mata lahani kamar kowace dabba. Abin da ke kare ta shi ne kaurin fatar ƙafafunta, da yawan gashinta, da kuma zafin namanta. Ba kasafai take kula ƴan tsaki ba, wannan aikin shirwa ne da shaho. Akwai wata ƴar'uwarta mai kama da ita ƙwarai wadda take zaune a Afirka shekara ta zagayo, don haka ba kowace aka gani ce baƙuwa ba.

Baƙuwar tana sauka a yankin Sahel, daga Senegal da Muritaniya zuwa Mali, Nijar, arewacin Nijeriya da Cadi, wajen watan Oktoba, daidai lokacin da hunturun Turai yake sa macizai su shige ramuka su daina fitowa. Tana nan tare da mu har ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Abin da muke kira bazara, lokacin tsananin zafi da ƙarancin ruwa, shi ne a can Turai lokacin da sanyi ke janyewa, itatuwa su yi toho, macizai su fito shan hantsi. A wannan lokacin ne take barin mu. Ba da daɗewa ba kuma sai shamuwa ta iso daga kudu da albishir ɗin damina. Baƙo ɗaya na fita, wani na shigowa.

Daga mashi zuwa zobe, daga zobe zuwa tauraro

A dā mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu suke ɓacewa da hunturu ba, har wasu masanansu suna cewa cikin taɓon tafki suke nutsewa su yi barci. A shekarar 1822 aka harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, sai ga wani siririn mashi irin na Afirka soke a wuyansa. Ashe an jefe shi a nahiyarmu, bai mutu ba, ya tashi da mashin har gida. Har yau gawarsa tana ajiye a jami'ar Rostock. A shekarar 1899 wani malamin makaranta ɗan ƙasar Danmak mai suna Mortensen ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Zobe ya taimaka, amma wuri biyu kaɗai yake faɗa: inda aka sanya shi da inda aka tsince shi. Abin da ya faru a tsakani, sai dai hasashe.

An samu mafita a shekarar 1978, sa'ad da Faransa da Amurka suka haɗa hannu suka kafa wani tsari mai suna Argos, wanda cibiyarsa take kusa da birnin Tulus a Faransa. Taurarin wannan tsari suna kewaya duniya ta kan ƙuryar arewa da ta kudu, a nisan kimanin kilomita 850 daga ƙasa. Na'urar da ke bayan tsuntsu tana aika ɗan saƙo lokaci-lokaci, tauraron da ke wucewa ya ɗauka. Ta yaya ake gane wurin? Ka tuna yadda ƙarar odar mota take yin siriri in tana tunkaro ka, ta yi kauri in ta wuce. Haka saƙon na'urar yake sauya wa tauraro yayin da yake matsowa da yayin da yake nisa, kuma daga wannan sauyi ake lissafa inda tsuntsun yake. A shekarar 1984 aka fara gwada abin a kan wata gaggafa mai farin kai a Amurka, da na'ura mai nauyin da sai babban tsuntsu ne zai iya ɗauka. Ta yau kuwa ba ta fi akwatin ashana girma ba, nauyinta giram 20 zuwa 50, hasken rana ke ba ta wuta, kuma tana amfani da GPS, wanda kuskurensa bai wuce ƴan mitoci ba. Ana goya wa tsuntsu ita da zare mai laushi kamar yadda ɗan makaranta yake goya jakarsa, bisa ƙa'idar kada nauyinta ya wuce kashi 3 cikin 100 na nauyin tsuntsun.

Wasu na'urorin na baya-bayan nan ta layin salula suke aiko labari, kuma wannan ya taɓa jawo abin dariya. A shekarar 2019 masana a Rasha suna bin sawun wata gaggafa da suka sa wa suna Min. Ta shafe watanni a dajin Kazakistan inda babu layi, saƙonni suka taru a na'urarta. Ba ta tashi samun layi ba sai da ta shiga Iran, inda kowane saƙo yake cin rubul 49, ta sako su gaba ɗaya. Kuɗin aikin duka suka ƙare, sai da jama'a suka yi wa masanan karo-karo.

Game da baƙuwar tamu, wani Bajamushe mai suna Bernd-Ulrich Meyburg da abokan aikinsa sun ɗaura wa wata babba na'ura a yammacin Faransa cikin shekarun 1990, suka buga sakamakon a 1998. Ta bi ta Sipaniya da Maroko, ta keta Sahara, ta sauka a ƙasar Nijar, bayan tafiyar fiye da kilomita 4,000 cikin kimanin makonni uku. Wato ta ninka hanyar Yamai zuwa Damagaram fiye da sau huɗu, tana cin sama da kilomita 200 kowace rana.

Hanyar bazara

Tsuntsu mai nauyi irin wannan ba zai iya kaɗa fukafukai yini guda ba. Dabararsa ita ce wadda muke gani wajen shirwa da ungulu da hantsi: in rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan tashi sama, sai tsuntsun ya shiga cikinta ya buɗe fukafukai yana kewayawa, iskar na ɗaga shi har ya zama ɗan ɗigo. Daga nan sai ya miƙe yana zamewa a hankali ta inda ya nufa, har ya tarar da wata iskar mai tashi. Saboda haka gaggafa ba ta sammako, ba ta kuma tafiyar dare. Na'urori sun nuna takan tashi bayan rana ta ɗaga, ta sauka kafin faɗuwarta, ta kwana a kan itace, ko dutse, ko tudun rairayi in a hamada dare ya same ta.

Daga Sahel abu na farko da ke gabanta shi ne Sahara, kwanaki a jere babu ruwa, abinci kuma sai wanda tsautsayi ya fito da shi. Masana daga Suwidin da Holan sun tattara labarin wasu tsuntsaye masu farauta dangin shaho da aka bi sawunsu, suka buga a 2014 cewa haɗarin mutuwa a kwanakin tafiya ya ninka na kwanakin zama kusan sau shida, kuma ƙetare Sahara da bazara yana cikin wuraren da aka fi yin asara. Iskar da ke busowa daga arewa tana tare matafiyi, guguwar rairayi tana tilasta masa sauka, wanda kuwa ya bar Sahel da rama ba lalle ya ga bayan hamada ba.

Bayan hamada da duwatsun Atlas na Maroko sai teku. A nan wata matsala take: ruwa ba ya zafi kamar ƙasa, saboda haka iska mai ɗaga tsuntsu ba ta tashi a kan Bahar Rum yadda take tashi a tudu. Gaggafar da ta kuskura ta shiga tsakiyar teku sai ta yi ta kaɗa fukafukai har ƙarfinta ya ƙare. Shi ya sa suke neman inda ruwan ya fi ƙunci, wato mashigin Jibralta, wanda sunansa ya samo asali daga Jabal Ɗariƙ, inda tsakanin Maroko da Sipaniya bai wuce kilomita 14 ba. A watan Maris dubbansu suke taruwa a gaɓar Maroko, in iska ta yi tsanani su dakata kwana da kwanaki, in ta lafa su haura sama su zame zuwa ɗaya gaɓar. Wasu ire-iren gaggafa da suke yin rani a gabashi da kudancin Afirka kuwa ta Sudan da Masar suke bi, su fita ta Suwez, duk dai don gudun teku.

Me ya sa manya suke gaggawa haka? Domin lissafinsu a ƙure yake. Ƙwai ɗaya tak mace take sakawa a shekara, galibi cikin Afrilu. Kwanci yana cin kimanin kwana 45, renon ɗa a sheƙa ya ci fiye da wata biyu, ga shi kuma a watan Satumba dole a kama hanyar kudu. Wadda ta makara a hanya ta yi asarar shekara, ko ta tarar wata ta gaje mata wuri. Na'urori sun nuna da yawa daga cikinsu sukan koma dajin da suka yi sheƙa bara, haka kuma in sun dawo Afirka su sauka a yankin da suka saba. Wato wadda ka gani a kan gawon gonarka bana, mai yiwuwa ita ce ta bara.

Matasan da ba su isa aure ba kuwa ba su da abin yi wa sauri. Waɗanda aka sa wa na'ura a Sipaniya sun nuna cewa a bazararsu ta farko sukan makara a Sahel har cikin Afrilu, in sun ƙetare hamada kuma da yawa ba sa shiga Turai, sai su yi zamansu a arewacin Maroko da Aljeriya har lokacin dawowa ya yi. Kafin zuwan tauraron ɗan Adam ba wanda ya tabbatar da wannan.

Yaro bai san hanya ba sai da na gaba

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin waɗanda suke sheƙa a kudancin Italiya. In ka duba taswira, daga tsibirin Sisili zuwa Tunisiya kimanin kilomita 150 ne kawai. Amma ruwa ne. Wani bincike da aka buga a 2011 ya bi sawun ƴaƴan gaggafa biyu daga kudancin Italiya, sai aka ga a tafiyarsu ta farko arewa suka fara nufa, suka juya wa Afirka baya, suka bi gaɓar Faransa, suka gangara Sipaniya, suka ƙetare ta Jibralta. Sun ƙara ɗaruruwan kilomitoci don su guje wa teku. Da bazara ma haka manyan suke yi a juye: su shiga Turai ta Sipaniya, su ratsa Faransa, su shiga Italiya ta wajen birnin Jenowa, sa'annan su gangara kudu zuwa sheƙunansu. Hanyar lafiya, in ji Bahaushe, a bi ta da shekara.

Wa ya koya wa ɗan wata huɗu wannan zagaye? Masanan sun ga alamar cewa manya yake bi, domin a kan wannan hanya ana ganin yara cikin ayarin manya, waɗanda kuwa suka makara suka tashi su kaɗai sukan nufi kudu kai tsaye su ƙare a bakin ruwan Sisili. Wani gwaji a Jamus ya ƙarfafa wannan fahimta. An ɗauko ƴaƴan wata irin gaggafa daga ƙasar Latbiya aka rene su a Jamus don a ƙara yawan na can, aka sa musu na'ura tare da ƴan gida. A sakamakon da aka buga a 2017, baƙin yaran sun riga manya tashi da ƴan kwanaki, da dama daga cikinsu suka miƙe kudu, kuma kaɗan ne suka isa Afirka. Ƴan gida da suka tashi lokaci ɗaya da manya yawancinsu sun bi hanyar gabas ta Turkiyya, kusan dukkansu suka isa. Ilhamar da aka halicce su da ita tana nuna musu kudu, amma sanin mashigi sai an bi wanda ya taɓa zuwa. Wannan yana nufin duk babbar gaggafar da aka kashe, an kashe har da jagorar yaran da za su bi ta.

Haƙƙin baƙo a kan mai masauki

Tunda ƙarfin da za ta ƙetare Sahara da shi a dajinmu take tara shi, rabin rayuwar wannan tsuntsuwa a hannunmu yake. Ita kanta ba ta cikin jerin masu gab da ƙarewa, amma labarin danginta ba mai daɗi ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Burkina Faso, Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, sai ya tarar manyan irin gaggafa da ungulu sun ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a wajen gandayen da ake karewa. Wani babban bincike na 2024 ya duba iri 42 a faɗin Afirka, ya samu kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna raguwa, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Dattawanmu ba sa bukatar lissafi kafin su yarda: su tuna yawan ungulun da ke mahauta a zamanin ƙuruciyarsu. Dalilan sanannu ne: sare manyan itatuwa, mayar da daji gona, guba da maganin ƙwari, turakun lantarki marasa kariya, da cinikin kawuna da ƙafafun tsuntsaye a kasuwa don tsibbu.

Na'ura ta sha tona asirin wannan ciniki. A 2013 an sa wa wani ɗan farin ungulu na'ura a ƙasar Girka, aka ba shi suna Paschalis. Ya tsallake teku, ya tsallake hamada, ya sauka a kudancin Nijar. A farkon 2014 wani mafarauci ya kashe shi don ya sayar da sassan jikinsa. Irinsa kuwa ƙalilan ne suka rage a ƙasar da ya fito.

Akwai kuma rashin sani. A 2012 an kama wani ungulu mai na'ura a Darfur ta Sudan aka ce ɗan leƙen asiri ne. A 2013 an tsare wani tsuntsu dangin shamuwa a hannun ƴan sanda a kudancin Masar bisa wannan zargi, alhali masana ne a Hungari suka sa masa na'urar. An sake shi, ba a jima ba aka kashe shi. Ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya: irin wannan na'ura ba laya ba ce, ba asiri ba ne, ba ta ɗaukar hoto ko murya, babu zinariya ko wani abin sayarwa a cikinta. Wurin da tsuntsu yake kawai take faɗa. Shamuwarmu ma an taɓa sa mata irinta a nan Nijar, aka bi sawunta har Tanzaniya.

Saboda haka, in an ga tsuntsu da ƴar na'ura a baya ko zobe a ƙafa, a bar shi ya yi tafiyarsa. In an tsince shi a mace ko da rauni, a rubuta lambar zoben da adireshin da ke jikin na'urar, a lura da ranar da wurin, a kai wa ma'aikatan gandun daji, waɗanda muka fi sani da Eaux et Forêts. Mai gona ya bar gawo da aduwa da kuka a tsaye, domin su ne masaukin baƙuwar. Wanda kura ko kare ya dame shi kada ya zuba guba a mushe, don ba abin da ya nufa kaɗai zai ci ba. Iyaye kuma su ja kunnen yara masu yawo da danƙo, su nuna musu cewa ba kowane abu mai tashi ne abin harbi ba.

Ga wani ɗan aiki ga yaran gida: a tanadi littafi guda, duk shekara a rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa a gari, da ranar ƙarshe da aka ga babbar gaggafa mai farin ciki tana tsaye a iska a bayan gari. Bayan shekara biyar a kwatanta. Da irin wannan rubutu na haƙuri masana suka fara, tun kafin a harba tauraro ko ɗaya.

A nan za mu dasa aya. Allah ya kai matafiya gida lafiya, na ƙasa da na sama, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.